Aljanin da Ke Shan Batirin Alhaji

Duk mai bin hanyar Aboabo zuwa Krofrom a Kumasi da sassafe ya san motar Alhaji Na-Goro. Wani Bature ne ya keto Sahara da ita, guzurinsa ya ƙare a Kumasi, Alhaji ya taya da wulaƙanci aka sallama masa. Ƙirar Jamus ce ta 1987, inji a baya, a ciki ga gado, ga murhu, ga ɗan firji. Alhaji ya ce ya saye ta ne don in ya kai goro Bawku ya huta da biyan kuɗin masauki. Aibinta ɗaya ne, ba ta tashi sai an tura.

Ranar Talata aka turo ta har Suame Magazin, unguwar makanikai, ƙofar shagon Masta mai wayarin. Ɗan Asabe yaron mota na baya, gumi har cikin silifas. Hajiya kuwa tana ciki zaune a bakin gado, ta ce ba inda za ta sauka.

ALHAJI: Salamu alaikum. Masta, batir za ka ba ni. Na hannu, mai sauƙin kuɗi.

MASTA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba watan jiya ka sayi batir ba?

ALHAJI: Wannan ne na uku tun azumi. Batiran zamani ba albarka. Da magariba lafiya lau, da asuba ka murɗa makulli sai ka ji ƙas, ƙas, shiru.

ƊAN ASABE: Masta, aljani ne. Boka ya duba, ya ce a hamada ta kwaso shi, da dare yake fitowa ya sha.

ALHAJI: Baƙin zakara ya karɓa.

MASTA: To ya daina?

ƊAN ASABE: Zakaran dai ya daina cara.

Masta ya ɗauko mita, ya ɗaga kujera, ya leƙa batir, ya yi tsaki.

MASTA: Wannan farin garin da ya toshe kan batir fa?

ƊAN ASABE: Ba maganin boka ba ne? Ni ko taɓawa ba na yi.

MASTA: Tsatsar asid ce. Je ka samo ruwan zafi da ɗan kanwa ka wanke, amma kada ɗigo ya shiga cikin ramukan. Kuma dubi yadda kan yake rawa, da hannu nake juya shi. Wa ke ƙara wa batirin ruwa?

ƊAN ASABE: Ni ne. Piyo wata nake zuba masa, mai sanyi ma.

MASTA: Allah ya shirye ka. Ruwan batir tatacce ne, ba gishiri ba komai a cikinsa. Wanda kake sha kashe shi yake a hankali. Alhaji, matso ka ga mita. Batirin da ya ƙoshi ya huta, bolt 12.6 yake nunawa. Naka 11.8.

ALHAJI: Haba Masta! Tsakaninsu ko ɗaya bai cika ba. A kan wannan ɗan abin za ka ɗaga mini hankali?

MASTA: A goro ɗan abu ne. A batir kuwa shi ne tsakanin cikakken kwando da kwandon da ya rage ganye kawai.

Aka jona da batirin shago, mota ta yi tari sau biyu ta tashi. Masta ya sake ɗora mita.

MASTA: Ka gani? Inji na aiki, kamata ya yi in ga tsakanin 13.8 da 14.4, alamar altaneta na ciyar da batir ke nan. Ga shi 12 ma da ƙyar. Motarka ci take ba ta mayarwa.

ALHAJI: Kamar surukina.

MASTA: Kashe ta. Yanzu murɗa makulli sau ɗaya, kada ka tayar. Ina jar fitilar nan mai hoton batir? Ya kamata ta kama.

ALHAJI: Au, wannan? Ai na yi maganinta.

MASTA: Ka yi maganinta yaya?

ALHAJI: Muna hanyar Techiman ta fara ƙyafta mini ido. Tun ina daurewa har ta hana ni sakewa. Da muka isa Kintampo na sa aka cire ƙwan. Tun ranar ba ta ƙara damuna ba.

Masta ya ajiye mita, ya zauna a kan tsohuwar taya, ya yi shiru irin na wanda aka yi wa rasuwa. Wanda bai san tsofaffin motocin nan ba zai ce shirun ya yi yawa a kan ƙwan fitila, alhali da gaskiyarsa.

MASTA: Alhaji, ranka ya daɗe. A irin wannan altaneta ta da, ta cikin ƙwan nan ƴar wuta ke bi ta je ta tashe ta daga barci kafin ta fara caji. Ba ƙwai, ba mai tashinta. Sai dai in an taka mai ƙwarai ta farka da kanta, kai kuwa na san ka da totur.

ƊAN ASABE: Baba Alhaji ko a gangare kashe inji suke yi.

ALHAJI: Wa ya sa da kai? To Masta, me ya sa ta fara ƙyaftawa tun farko?

MASTA: Zo baya ka gani. Danna bel ɗin nan da yatsa. Ya saki kamar mazagin wandon da ya kwana biyu. Sulɓewa yake, altaneta ba ta samun juyi sosai, fitila ta gaya maka gaskiya, kai kuma ka kore ta daga aiki. Ɗaure noti ɗaya ne da.

ALHAJI: To ai shi ke nan, ɗaure mu tafi.

MASTA: Tukuna. Wannan rashin ciyarwa ne. Saura ɓarawon dare.

Ya zare makulli, ya rufe ƙofofi, ya kwance kan batir na baƙar waya, ya sa mita a tsakani don duk wutar da za ta fita ta bi ta cikinta.

MASTA: Motar da ke barci, abin da ya halatta ta sha bai wuce ɗan kurɓi ba, agogo da rediyo, 0.05 na amfiya ko ƙasa. Taka tana shan 9.

ƊAN ASABE: La ilaha! Ga shi nan kuwa. Masta, mitar na nuna ƙafarsa?

MASTA: Yanzu za mu kama shi. Zan riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka zuba wa mita ido. Duk wanda na zare lamba ta faɗi, a layinsa yake. Na fitilu?

ƊAN ASABE: Tara.

MASTA: Na rediyo?

ƊAN ASABE: Tara.

MASTA: Na soket ɗin kunna taba?

ƊAN ASABE: (ƙasa-ƙasa) Tara.

MASTA: Ƙarya kake, daga nan ina hango takwas. Me aka jona a soket ɗin?

Aka ɗaga katifa. Wayoyin hannu biyar suna kwance a jere suna caji, kowace da sunan mai ita a ɗan guntun takarda.

ƊAN ASABE: Baba Alhaji, ku yi haƙuri. In an ɗauke wuta ne kawai ƴan layinmu ke kawowa. Sidi ɗai-ɗai ne.

ALHAJI: Sidi ɗai-ɗai! A motata! Ina rabona?

MASTA: Wannan ƙaramin aljani ne, Alhaji, ɗan aike. Uwarsu na nan da takwas. Saura fis ɗin ƙarshe, na firji.

HAJIYA: (daga ciki) Masta, wannan ba sai ka taɓa ba, ai lafiyarsa lau.

Masta ya zare. Mita ta sauka zuwa 0.03. Kowa ya waiwaya ya dubi Hajiya, Hajiya ta dubi rufin mota.

ALHAJI: Hajiya, tashi daga gaban firjin nan.

HAJIYA: Ƙafata ke ciwo.

Da aka buɗe, gorunan lamurje da burkina, abin shan gero da nono, ne shaƙe har marfi, sun yi raɓa.

HAJIYA: To an gani, sai me? Da dumso, wannan yawan ɗauke wutar, zan bar kayana su yi tsami? Bayan isha nake sawa, da asuba in kwashe, kafin hantsi ƴan makaranta sun saye.

MASTA: Hajiya, bari in yi miki lissafi. Firjin nan kala uku yake ci, gas, wutar gida, da batir. A batir ba ya hutawa, takwas yake ja kowace awa. Isha zuwa asuba awa tara, saba'in da biyu ke nan. Batirin Alhaji in ya cika maƙil saba'in ne. Kullum da bashin biyu yake wayar gari.

HAJIYA: Ni ma da bashi nake wayar gari. Tun 2007 da gwamnati ta cire sifiri huɗu daga sidi, Alhaji ya cire nasa daga kuɗin cefane, har yau bai mayar ba. Naman da kake gani a miya ka ɗauka daga sama yake faɗowa? Lamurje ne.

ALHAJI: Ashe batir uku na cinye a miya ban sani ba.

MASTA: Amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Irin motar nan batir biyu gare ta, na tashi da na ɗaki. Tsakaninsu akwai rile, kamar maigadi. Inji na aiki ya haɗa su su sha caji tare, an kashe inji ya raba su, ya yanke firji. Ko Hajiya ta kwana tana sanyaya kogi, bai kamata ya taɓa na tashi ba. Ina rilen?

Ya ɗaga ɗaya kujerar. Ba rile. Wata jibgegiyar waya ce aka murɗe da hannu, aka naɗe da ledar burodi.

MASTA: Wane maƙiyin Allah ne ya yi wannan?

ALHAJI: Masta, a riƙa tauna magana. Ƙonewa ya yi, na tambayi kuɗinsa na ji ba hankali. Waya kuwa akwai ta a gida.

MASTA: Batirin ɗakin ma ya bushe ya mutu tuntuni. Ka ɗaure mai rai da gawa, duk sabon da ka kawo sai ta ja shi ƙasa. In da ledar nan ta goge wayar ta taɓa ƙarfe, da kai da goro da Hajiya sai dai a ji labari.

HAJIYA: Ka ji ko? Ni ce aljana.

Aka yi ciniki har azahar, wanda in na kawo shi duka sai mu kwana. Aka sa ƙwai, aka ɗaure bel, aka sa rile, aka cire gawar batir, na tashi ya sha caji a shago. Murɗawa ɗaya mota ta tashi, jar fitila ta kama ta mutu, mita ta nuna 14.1. Hajiya ta biya kuɗin rile daga bakin zane bisa sharaɗin Alhaji zai sayi tukunyar gas ta firji. Alhaji ya ce in sha Allahu, irin wadda ba ta da rana.

MASTA: To Alhaji, kashe ka sake tayarwa da kanka ka ji daɗi.

ALHAJI: Tsaya. Duk cikin motar nan me ya fi jan wuta?

MASTA: Sitata mana. Takan ja sama da ɗari, amma na ƙiftawar ido ne.

ALHAJI: Sama da ɗari! A batirin da na biya kuɗin cajinsa yanzu? Ɗan Asabe!

ƊAN ASABE: Na'am, Baba Alhaji.

ALHAJI: Koma baya. Hajiya, ƙafar nan ta warke, sauko ki kama masa.