Wazirin As-Suli ba irin namu ba ne

A wuraren shan shayi na Jidda da Makka, inda 'yan uwanmu ke baza allon shaɗaranji (wasan da Turawa ke kira chess) bayan isha'i, ana yawan cewa gwanayen Bagadaza na dā, irin su Al-Adli da As-Suli, da dokokinmu na yau suka yi wasa. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren shi ke sa mutum ya jera tsohuwar matsalar shaɗaranji a kan allo ya ga lissafin ya ƙi fita.

As-Suli, gwanin fadar Halifa Al-Muktafi, ya rasu wajen shekarar 946. A zamaninsa wazirin da ke kan allo (queen a Turance), wanda suke kira firzan, gida ɗaya tak yake takawa, a karkace. Giwa (bishop a Turance) kuwa gida biyu take tsallakawa a karkace, ko da akwai wani a tsakani, don haka gidaje 8 kacal take iya kaiwa cikin 64. Soja ba ya taka biyu a fitar farko, kuma in ya kai ƙarshen allo firzan kaɗai zai zama. Doki da ruh (rook a Turance) kuwa tafiyarsu ba ta sauya ba.

Wazirin da ke share allo daga gefe zuwa gefe sai wajen 1475 ya bayyana a Sifen. Shi ya sa wasan dā yake da jinkiri, har gwanaye suka riƙa haddace jerin buɗe wasa da suke kira ta'abiya. A wasan dā, wanda ya cinye wa abokin karawa komai, ya bar sarki tsirara, shi ma ya ci wasa.