Takardar gwajin jini ba laya ba ce

Jiya a majalisarmu ta bakin kasuwar Garwa wani dattijo ya zaro takardar asibiti yana nuna mana, wai an auna kitsen jininsa an ce lafiya lau. Ya ƙara da cewa ai ciwon zuciya na Nasara ne, mu baƙar fata Allah ya tsare mu. Na ja bakina na yi shiru saboda furfurarsa, amma maganar ta kwana tana cina.

Akwai ƙamshin gaskiya a zancensa. Likitoci sun daɗe da lura cewa mutanen da tushensu Afirka ta Yamma ne, galibi kitsen da ake kira tiraigilisaraid bai kai na Turawa yawa a jininsu ba, kolestarol mai amfani kuma, wato HDL, ya fi nasu. A 2001 aka buga binciken da aka yi wa Fulani makiyaya a tsaunukan Jos: abincinsu nono da man shanu, amma jininsu tas. Indiyawa da 'yan Pakistan kuwa bugun zuciya kan riske su tun da sauran ƙarfinsu.

Sai dai Bafulatanin nan yini yake yana taka sayyada bayan garke. Mu fa? Daga gida sai kan babur, daga babur sai benci a shago, shayi mai sukari kofi uku, da dare tsire. Sannan akwai wani kitse, Lp(a), wanda gadonsa ake yi, ya fi yawa a jinin baƙar fata, gwajin da aka saba yi kuma ba ya nuna shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hawan jini. Kawuna siriri ne kamar sanda, babu tumbi, babu ƙiba. Da asuba ya faɗi wajen alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, aka yi ta cewa iska ce ta buge shi. Bai taɓa bari an ɗaura masa abin awo a hannu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin mutum ya kai giram 5 a yini, mu kuwa ga gishiri ga dunƙulen magi a tukunya ɗaya.

Gobe in Allah ya kai mu zan je gidan dattijon nan, in ce masa: Baba, rako ni asibiti a auna mana jini, mu biyu.