Haiti: Kujerar mulkin da talaka ba shi da hannu a kanta

Duk wanda ya ce mutanen Haiti ba su iya mulkin kansu ba, bai karanta tarihinsu ba. Bayi ne suka tashi a 1791, suka karya rundunar Faransa a Vertières cikin Nuwamban 1803, sannan jagoransu Dessalines ya shelanta 'yanci ranar 1 ga Janairun 1804. Ciwon yana wani wuri: tun daga wancan zamani, mai riƙe da ƙasar yana tsoron mai bin bashi da mai bindiga fiye da tsoron talakan da yake mulka.

A 1825 sarkin Faransa Charles na 10 ya turo jiragen yaƙi, ya ce sai an biya faran miliyan 150 diyyar dukiyar da iyayengijin bayi suka rasa. Shugaba Boyer ya sa hannu. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, amma da yake daga bankunan Faransa aka ranto na biyan, bashi ya hau kan bashi. Harajin gahawar da manomi ya noma ya riƙa tsallaka teku, ba makaranta ba hanya. Sai Amurka ta shigo: a Disambar 1914 sojojinta suka kwashe zinare na dala 500,000 daga bankin ƙasar, suka mamaye ta daga 1915 zuwa 1934, suka tattara iko a Port-au-Prince babban birnin ƙasar, suka bar rundunar sojan Haiti da suka kafa, wadda ta koma mai naɗa shugaba da tuɓe shi.

Na cikin gida ma da laifinsu, babba kuwa. Babu baƙon da ya tilasta wa shugaba François Duvalier da ɗansa su saki 'yan bangarsu na Tonton Macoute a kan jama'a daga 1957 zuwa 1986. 'Yan siyasa da attajiran da suka raini 'yan daba don cin zaɓe da tsare harkar tashar jiragen ruwa, 'yan ƙasa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika ambata ba. Tsarin mulkin 1987 ya tanadi hukumar zaɓe ta dindindin mai mambobi 9. Har yau ba a kafa ta yadda doka ta ce ba. Kowane zaɓe sai a harhaɗa ta wucin gadi, 'yan adawa su ce ta gwamnati ce, a ɗage zaɓe, wa'adin majalisa ya ƙare, shugaba ya koma mulki da doka shi kaɗai. Haka aka yi a 2015 zamanin Martelly, aka maimaita a 2020 zamanin Jovenel Moïse, wanda ya hau mulki da ƙuri'un da ba su kai 600,000 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 10. Da aka kashe shi ranar 7 ga Yulin 2021, sanarwar jakadun ƙasashen waje ce ta ba Ariel Henry kujerar firaminista. A Janairun 2023 wa'adin sanatoci 10 na ƙarshe ya cika, ƙasar ta wayi gari ba zaɓaɓɓe ko ɗaya.

Dakarun waje, irin 'yan sandan Kenya da suka sauka a Yunin 2024, za su iya ƙwato unguwa daga hannun 'yan daba, kuma jama'a na buƙatar hakan ƙwarai. Amma rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna daga 2004 zuwa 2017, ta tafi ta bar kwalarar da ta kashe kusan mutum 10,000, hukumar zaɓen kuwa tana nan a takarda.