Akwatin agajin gaggawa da babu komai a ciki

Ranar Talata ɗiyata mai shekara 7 ta dawo daga makaranta jikinta zafi rau, ta ce tun lokacin tara take rawar sanyi, amma malamar ajinsu farasitamol kawai ta ba ta, ta ce ta kifa kai a benci har a tashi. Babu wanda ya kira ni, alhali lambata tana cikin takardar da muka cike a farkon zango, kuma gidanmu a Unguwar Rimi bai fi tafiyar minti 10 a Keke Napep ba.

Duk mazaunin Kaduna ya san cewa da damina zazzaɓin cizon sauro ne ya fi kwantar da yara, kuma farasitamol zafin jiki kawai yake saukarwa, ba ya kashe ƙwayar cutar da ke cikin jini. Gwajin da ake yi da ɗigon jinin yatsa yana ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20, da an sanar da ni da wuri da tun hantsi na kai ta asibitin unguwa.

Washegari na roƙi shugabar makarantar ta nuna mini akwatin agajin gaggawa. Auduga ce a ciki da busasshiyar kwalbar aidin, babu ma'aunin zafin jiki, babu ko ƙunshi ɗaya na ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, saboda mai gudawa, a makarantar da ke karɓar kuɗin magani daga iyaye kowane zango.