Sana'ar Kashe Mutum a Takarda, Littafi Guda Duk Shekara

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari da Turawan Ingila suka ƙware a kai, wanda masu ji da zurfin boko ke yi wa kallon hadarin kaji. Ƙauye ne ɗan ƙarami, kowa ya san kowa. Wata safiya a tsinci gawar wani attajiri a ɗakin karatunsa. Ba a nuna maka jini, ba ashar, ba batsa. 'Yan sanda su yi ta lalube, can sai wata tsohuwa mai saƙa, wadda ba abin da ke wuce kunnenta a unguwa, ta fito da mai laifi. Ka rufe littafi ka yi barcinka lafiya lau. Da yake karatunsa ba wuya, mutane da yawa sun ɗauka rubuta shi ma haka yake. Ni ban yarda ba, kuma rayuwar Agatha Christie ce hujjata.

An haife ta a 1890 a garin Torquay na Ingila, ta rasu a 1976, ta bar littattafan binciken kisa 66. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi jinyar sojoji a asibitin garinsu, daga baya aka mayar da ita ɗakin haɗa magunguna, har ta ci jarrabawar aikin a 1917. A can ta san guba: wacce ke da ɗaci, wacce ke ɓuya a cikin kofi, nawa ke warkarwa, nawa ke kaiwa kabari. Da wannan ilimi ta rubuta littafinta na farko, har mujallar masu haɗa magunguna ta Ingila ta yaba da yadda ta kwatanta aikin gubar daidai. A yaƙi na biyu ma ta koma irin wannan aiki a wani asibitin Landan. Gubar taliyom da ta sani a can ta shiga wani littafinta na 1961, kuma a 1977 wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta shi ta gane alamomin gubar a jikin wata jaririya da aka kawo daga Katar, aka ceto ta. Wanda ya ce wannan rubutun wasa ne, sai ya gaya mana wasan da ke buƙatar irin wannan sani.

Littafin farkon nan fa sai da kamfanoni da dama suka ƙi shi kafin ya fito a 1920. Wanda ya karɓa ya miƙo mata yarjejeniya, ita kuma murna ta hana ta karantawa da kyau. Ba ta da ko sisi a kwafi 2,000 na farko, sannan an ɗaure ta da ƙarin littattafai biyar. Abin da ya shigo hannunta fam 25 ne. Haƙuri ta yi ta cika alkawari, ta samu wakili mai kula da cinikinta, sannan ta koma kamfanin Collins a 1926. 'Yan uwa marubuta, musamman mata masu rubutu a waya suna sakin babi babi, ga inda za ku tsaya ku duba. Ɗokin ganin suna a bangon littafi ya ci mutanen da suka fi mu wayo.

Wani abu da ke ba ni dariya: babin ƙarshe na littafin nan a kotu ta fara rubuta shi, mai kamfanin ya ce a sauya. Sai ta tara mutane a falo, mai bincike ya tsaya yana warware zare. Tara jama'a a falo ɗin nan da ya zama tambarin irin waɗannan labarai, gyaran edita ne ya haife shi.

Ainihin wahalar aikin tana cikin amana tsakanin marubuci da mai karatu. Marubutan Ingila na wancan zamani har ƙungiya suka kafa a 1930, suna rantsuwa kan cewa ba za su cuci mai karatu ba. Dole kowace shaida da mai bincike ya gani, kai ma a nuna maka. Ba a warware magana da aljani ko mafarki, ba a jawo wani baƙo a shafin ƙarshe a ce shi ne. Wato a ajiye maka gaskiya a gaban idonka tun babi na uku, amma ka tsallake ta, idan ka kai ƙarshe ka dafe kai ka ce, kash, ai an faɗa. Gwada ka gani. In ka ɓoye shaidar da yawa ka ci amana, in ka bayyana ta da yawa an gano ka tun rabi. Sannan mutum shida ko bakwai da ake zargi, kowa sai an ba shi dalilin kisa, da inda yake ƙarfe tara da kwata, da ƙaryar da zai yi saboda wani sirrin da bai shafi kisan ba. Agogo ɗaya ya kauce, littafin ya rushe.

Bayan rasuwarta an samu littattafan rubutunta guda 73, yawanci irin na 'yan makaranta. A shafi ɗaya ka ga jerin cefane, a na gaba tana tambayar kanta ko matar ce ta yi kisan ko likitan, ta soke wannan ta gwada wancan. Ashe sau da yawa ita ma ba ta san mai laifin ba sai da ta yi ta juyawa. Ta daɗe ba ta da ɗakin rubutu na kanta. Tebur mai ƙwari da keken rubutu su ne buƙatarta, ko teburin cin abinci ne kafin a kawo abinci. Da ta auri Max Mallowan, masanin tono kayan tarihi, a 1930, sai ta riƙa bin sa Siriya da Iraƙi. A Nimrud, wani tsohon birni da suke tonawa a Iraƙi, aka gina mata ɗan ɗaki na tubali, tana rubutu a ciki, in ta fito ta goge sassaƙen hauren giwa da man shafawarta.

Shekarar da ta fi ba ni tausayi ita ce 1926. Mahaifiyarta ta rasu, mijinta na fari ya ce wata yake so, ita kuma ta ɓace kwana 11 har aka gano ta a wani otel a Harrogate. Bayan wannan ga 'ya a gabanta, ga buƙatar kuɗi, ga littafin da ba ta da sha'awar rubutawa. Ta rubuta shi a haka, ya fito a 1928, har ta tsufa ba ta ƙaunarsa. A tarihin rayuwarta ta ce a nan ne ta tashi daga mai rubutun sha'awa ta zama mai sana'a, domin mai sana'a yana aiki ko ransa ba ya so. Masu cewa sai ilhama ta sauko suke ɗaukar biro ba za su ji daɗin wannan ba.

Ana yi wa irin waɗannan marubuta gorin cewa abu ɗaya suke maimaitawa. To me kuma? Mai ƙosan bakin layi, ɗanɗanon jiya ake nema a wurinta yau, kuma riƙe wannan ɗanɗano shekara talatin ya fi sauya shi wuya. Mai karatu yana son ƙauyen nan, tsohuwar nan, amma kada dabarar bara ta dawo. Sai dai ba zan ɓoye ba, akwai ɗauri a ciki. Kamfaninta ya mayar da fitar littafinta kafin Kirsimeti al'ada, har da shi yake talla. Jaruminta Poirot, mai binciken da ke cikin littattafanta da yawa, ya ishe ta, amma kasuwa ta hana ta rabuwa da shi. Littafin mutuwarsa ta rubuta tun lokacin yaƙi na biyu, aka kulle a banki, bai fito ba sai 1975, har jaridar New York Times ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko kamar wani mutum na gaske. Idan tana son rubuta abin da ke ranta, sai ta ari wani suna, Mary Westmacott, ta yi littattafai shida da shi. Ga kuma hukumomin harajin Ingila da Amurka da suka shafe shekaru suna jan ta.

Inda nake da ƙorafi shi ne ƙarshen aikin. Da tsufa ya kama ta, na'urar ɗaukar murya take yi wa magana a buga. Littafin da ta rubuta na ƙarshe, na 1973, tana da shekara 83, zarensa ya saki: mutane na maimaita magana, lissafin shekaru ba ya haɗuwa. Matar da ta gina sunanta a kan kada minti ɗaya ya kauce. Waɗanda ke cin riba da sunanta sun karanta shi kafin kowa, sun kuma san abin da suka gani, amma Kirsimeti ta matso, suka tura shi maɗaba'a.