"Yi aikinka, ka manta da sakamako": a bakin wa?

Jama'a, akwai wata magana ta mabiya addinin Hindu da nake yawan gani a Facebook, an liƙa ta a jikin hoton fure: aiki naka ne, amma abin da zai haifar ba naka ba ne. Tushenta littafin Bhagavad Gita, babi na 2, baiti na 47. Littafin baiti 700 ne a babi 18, kuma yanki ne na dogon labarin Mahabharata.

Masu yaɗa ta ba sa faɗin inda aka yi ta. A fagen fama ne, a Kurukshetra. Jarumi Arjuna ya hango kakansa Bhishma da malaminsa Drona a sahun abokan gaba, jikinsa ya yi sanyi, ya ajiye kwari da baka, ya ce shi kam ba zai yaƙi jininsa ba. Sai Krishna, abin bautar mabiya Hindu, wanda a labarin shi ke tuƙa masa keken doki, ya ce masa ya tashi ya sauke nauyin da ke kansa, ko ya ci ko a ci shi. Ƙarshen baitin ma gargaɗi ne: kada rashin kwaɗayin sakamako ya sa ka naɗe hannu. Wato malalaci ba shi da mafaka a nan.

Aƙidarsu daban, tamu daban, wannan ba abin musu ba ne. Amma duk wanda ya taɓa shuka gero ya zauna jiran ruwan sama ya san akwai gaskiya a ciki. Mu ma an ce mana mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Likitan da hankalinsa ya tafi kan yabon da za a yi masa, hannunsa ne zai yi rawa a ɗakin tiyata. Mahatma Gandhi ya riƙe wannan koyarwa sosai, har ya fassara littafin zuwa harshen Gujarati, yana ganin yaƙin da ke ciki yaƙin mutum ne da son zuciyarsa. Bal Gangadhar Tilak kuwa, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Indiya, da Turawan Ingila suka tsare shi a kurkukun Mandalay a ƙasar Burma daga 1908 zuwa 1914, a can ya rubuta sharhinsa, shi kuma abin da ya karanto kira ne a tashi a yi aiki.

To, ga inda nake da ja. Wa ya yanke maka cewa wannan ne aikinka? A babi na 18 an raba ayyuka tsakanin rukunan mutane huɗu, aka ce na ƙarshe, Shudra, hidima ce tasu. Dokta B. R. Ambedkar, ɗan Dalit (rukunin da aka fi ƙasƙantarwa a al'ummar Hindu) wanda ya jagoranci rubuta kundin tsarin mulkin Indiya, ya soki littafin a kan haka, yana ganin yana ba tsarin fifikon haihuwa kariya. Ba kuma zancen baki ba ne: sai da Indiya ta yi doka a 1993, ta sake wata a 2013, don hana sa mutane kwashe bahaya da hannu, aikin da akasari 'yan Dalit ke gada.

Shi ya sa nake kallon bakin da maganar ta fito. In malamin makaranta ya faɗa wa kansa don kada ya karaya saboda ɗaliban da suka faɗi jarrabawa, na yarda da shi. In kuwa mai makarantar da ya riƙe masa albashin wata uku ne ke karanta masa ita, wannan rainin hankali ne kawai, domin shi ai bai manta da kuɗin makarantar da iyaye suka biya ba. Ambedkar dai bai tsaya a suka ba: ranar 14 ga Oktoba 1956, a birnin Nagpur, ya bar addinin Hindu ya koma na Buddha, tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.