Ba azurfar Amurka ce ta haifi maƙeran Sifaniya ba

Akwai maganar da ke damuna duk lokacin da na ji ta: wai maƙeran farin Sifaniya, masu aikin azurfa da zinariya, ba su san sana'a ba sai da dukiyar nahiyar Amurka ta kwararo musu. Masu faɗin haka suna da abin kamawa, don kuwa azurfar da jiragen ruwa suka riƙa saukewa a birnin Sabiya (Seville) na Sifaniya ta ƙara musu aiki matuƙa.

Sai dai shekarun ba su yarda ba. A 1545 aka gano dutsen azurfa na Fotosi, a Boliviya ta yau, na Zakatekas a Meziko kuma a 1546. Amma tun 1518 aka fita jerin gwano a birnin Kordoba na Sifaniya da hasumiyar azurfar da maƙeri Enrique de Arfe ya ƙera wa babbar coci, hasumiyar da ta fi mutum tsayi, cike da ƙananan ginshiƙai da siffofi. Aikin da ya kai haka ba a koyonsa dare ɗaya.

Sana'ar tana da ƙungiya da doka tuntuni. A Barsalona, tun wajen 1500, yaron maƙeri ba ya zama maigidan kansa sai ya zana abin da zai ƙera a littafin ƙungiya, ya kuma ƙera shi don manya su duba. Littattafan suna nan har yau. In ka juya gindin kofin azurfa na lokacin, sau da yawa za ka ga tambarin gari, da na maƙeri, da na ma'aikacin da ya gwada ingancin azurfar.